Ƙuli-ƙulin da Gado Ya Kai Bikin Furim

Ku gyara zama, amma duk mai haƙorin roba ya cire ya sa a aljihu, don labarin nan ba ya shiri da haƙora.

Shekarata goma sha tara ina girki a gidajen Doha, shida daga ciki a gidan Madam Diana, Bayahudiya daga Kanada da ke koyarwa a wata jami'a. Ba a sa ni boko ba, a jikin gwangwanaye da kwalayen kicin na koyi karatu. Direban gidan kuwa Gado ne, mutumin Zuru, dogo, ga baki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Babu sana'ar da za ka ambata bai ce ya yi shekara bakwai a cikinta ba. Na taɓa haɗa shekarun nan nasa, na tarar ya girmi kakata.

A lokacin kwantiraginsa saura wata guda. Madam ce kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa kan takardar zama. In ta sa hannu ya zauna, in ta ƙi sai jirgi. Ga shi ya taɓa gurje mata mota da ƙofar gareji har sau biyu, a can Zuru kuma ya gaya wa kowa shi ne manajan sufuri na wani kamfani.

Wata safiya Madam ta kira mu kicin. Ta ce bikinsu na Furim saura mako uku. Ranar da kakanninsu suka tsira daga kisan ƙare-dangi a ƙasar Farisa suke tunawa. Ana shigar ban dariya, ana ihu, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙunshin abinci da rana tsaka, a kuma yi wa talakawa alheri. Ita za ta raba ƙunshi arba'in, kowane da dabino da cakulan.

"Amma Gado, ka saurara," in ji ta. "Cakulan ɗin sai mai tambari biyu. Na farko yana nuna an biya manomin koko haƙƙinsa, ba a kuma cire yaro daga makaranta an sa shi aikin gona ba. Ba zan yi bikin kyauta da gumin wanda aka zalunta ba. Na biyu na malamanmu ne, kosha, kamar halal ɗinku." Ta zana masa su a takarda, ta rubuta sunan kantin.

Tana fita Gado ya ninke takardar ya sa a hula.

"Tambari!" ya ce. "Inna Ikilima, tambari ai ko ni sai in buga miki goma a kasuwar Asian Town kafin azahar. Yaudarar Turawa ce kawai. Ni da na yi shekara bakwai a harkar koko a Ondo?"

"Wata uku ka yi gadin sito, da bakinka ka faɗa min."

"Gadin koko ai sanin koko ne. Zan sa a kawo ƙwayar daga gonar da na san mai ita, in haɗa cakulan da hannuna. Madam ta ga haka, ba shekara biyu ba, biyar za ta sa min hannu."

"Kai Gado, kanti aka ce. Ga shi can, minti ashirin a mota."

"Inna, ke tsohuwa ce, ba ki san fasaha ba."

Na ce to. Ban tona shi ba. Ba tausayi ba ne, so nake in ga inda abin zai tsaya.

A gabana ya kira tsohon maigidansa na Ondo, Baba Rafiu, ta bidiyo. Ya jingina wayar da tulun shayi, ya danna ɗauka, don ya samu shaidar nuna wa Madam. Ya gyara murya kamar alƙali.

"Baba, ka gaya wa duniya tsakaninka da Allah, akwai yaro mai aiki a gonarka?"

Tsohon ya matso da fuska har hancinsa ya cika wayar. Hausarsa ta 'yan kasuwar goro ce.

"Yaro? Ina na ga yaro? Tara na haifa, tara suna Legas suna danna waya! Ni kaɗai nake sara, ni nake fasa, ni nake shanya, bayana ya mutu. In kana da yaro a can ka turo min biyu!"

"Baba, wannan na ƙarshen za mu yanke shi."

"Kada ka yanke komai! Kai ma ka dawo, ɗan barci!"

Wadda ta ɗauko masa kokon daga Najeriya ita ce Roseline, nas 'yar Kagoro da ke zaune bayan layinmu, tana dawowa daga hutu. Ta shigo tana jan buhu tana mita.

"Mama, kin ga abin da ɗanki ya yi min? Doyata na bari a Legas saboda wannan abu mai tsami. Duk atamfofina warin giya suke!"

"Ba ɗana ba ne," na ce. "Nawa suna da hankali."

Azumi ya riga ya kama a lokacin. Ranar Talata, saura kwana uku biki, Gado ya soya ƙwayar a cikin yashi kamar gyaɗa, a bayan masaukin direbobi. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Mutanen Nepal da na Bangladesh suka fito da gudu, wani da tawul, wani da fasfo a baki. Mai gadin ginin, wani Basudane, ya zo da bokiti yana "Halas! Halas!" ya sheƙa wa Gado ruwa tun daga hula har takalmi. Gado ya share ido ya ce, "Haka ake yi a Suwizalan, sai an yi masa wanka."

Sai niƙa. Ya je ya ari bilendar Roseline. Na bi shi, na shinshina kofin.

"Roseline, me kika niƙa a nan?"

"Kirifish, Mama, na miyar agushi."

"To Yahudu ba sa cin kirifish. Shekara shida ina yi musu girki, ko inuwarsa ba ta shiga gidan."

"Inna, ai an wanke," in ji Gado. Ya zuba, ya danna. Bilenda ta yi gurnani, ta yi tari, ta saki wani siririn hayaƙi shuɗi, ta yi shiru har abada. Roseline ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Gado, ka kashe min ita! Tun daga Jos nake tare da ita!"

"Sista, ba mutuwa ta yi ba, hutawa take."

"Kai ma za ka huta, in na kama wuyanka!"

Na kwashe wanda ya taɓa kofin na zubar. Shi kuma ya zarce Asian Town ya sayo turmin dutse irin na Indiyawa. Ya wuni yana daka da azumi a bakinsa, mutumin ɗakin ƙasa yana dukan silin da sandar mofa, suna amsa wa juna kamar makaɗa. Abin mamaki, dakan ya yi. Ƙwayar ta narke ta zama baƙin kunu mai sheƙi. Da aka sha ruwa ya lasa, idonsa ya kawo hawaye.

"Yaya?" na ce.

"Na asali kenan," ya ce da ƙyar. "Ɗacin nan shi ne gaskiyar manomi." Amma na ga ya juye gwangwanin madarar gari guda da sukari rabin leda a ciki.

Ya zuba a farantin ƙanƙara, firij ya daskarar. Ranar Laraba ya jera su a tire, ya ɗora a kujerar baya ta motar Madam, farar kujera ta fata, don ya kawo min in ga ikon Allah. A hanya ya tsaya sallar azahar, ya rufe gilasai, ya bar motar a rana. Bayan salla ya haɗu da mutanen garinsu, ya tsaya yi musu bayanin yadda kamfanonin duniya ke nemansa. Da ya iso gida na buɗe ƙofar baya, sai ga baƙin kogi ya gangaro ya sauka a silifas ɗina.

"Gado, cakulan ɗin ke nan, ko motar ce ta yi zawo?"

Ya tsaya ya ƙura wa kujerar ido. Na ɗauka nadama ce ta zo. Ashe dabara ce.

"Na gano!" Ya tafa hannu. "Mai ne! Man da ke cikinsa ne abokin gaba. Shi ya sa na Turawa ke narkewa, ba su iya cire mai ba. Mu kuwa tun kaka da kakanni muke matse tunkuza. Inna, zan yi cakulan na farko a duniya da rana ba ta isa ta taɓa shi ba!"

"Ƙuli-ƙuli za ka yi."

"Fasaha zan yi."

Ya lulluɓe kujerar da darduma, ya ce wa Madam ado ne na azumi.

Ranar Alhamis da safe Madam ta aike mu wata gona a Umm Salal ɗauko dabino da ganyen biki. Mai kula da gonar Mumin ne, ɗan Zangon Kumasi, mai sanyin hali. Roseline ba ta da aiki ranar, ta ce ƙafarta ƙafar Gado har sai ta ga sabuwar bilenda. A can Gado ya tuɓe riga, ya daka ragowar kokon, ya zuba madara da sukari, ya riƙa yayyafa ruwan zafi yana murzawa yana matsewa. Mai ya fara tsattsafowa, rawaya, mai ƙamshi, har ya kusa cika kwano.

Mumin ya leƙo. "Massa, a ƙasarmu wannan man shi ne tsadar koko fa. Shi Turawa ke bi."

"Shi ya sa har yau kuke sayar da ƙwaya ba ku iya cakulan ba. Zubar!"

Na ce a ba ni in zubar. Na juye shi a kwalba na sa a jakata.

Ya mulmula abin da ya rage ƙwallo-ƙwallo, guda arba'in cif. Sai suya, ga shi babu man gyaɗa a gonar. Na tafi ɗaure ganye, na dawo na tarar kasko yana tafasa, gona ta ɗauki ƙamshin layya.

"Gado, da me kake suya?"

"Kitsen ragon da Mumin ya yanka. Da bismilla aka yanka, ya kalli alƙibla. Halal ɗari bisa ɗari."

"Da madara a cikin abin? Ba ka ga tukwanen gidan kala biyu ba ne, ja na nama, shuɗi na madara? Ko cokali ba ya tsallakawa!"

"Wannan tsarin ado ne na Turawa, Inna. Halal ɗinmu da nasu uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka tsame su baƙi ƙirin. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi a siminti, ya yi ƙara kamar an yar da kwaɗon ƙofa, ya yi tsalle, ya gangara gaban wani bunsuru. Bunsurun ya shinshina, ya ja da baya, ya tafi abinsa.

"To, wa zai ɗanɗana?" in ji Mumin. "Ni dai ina azumi."

"Ni ma," in ji Gado. "Sista, bismilla."

"Mu ma muna namu azumin na kafin Ista, na bar kayan zaƙi kwana arba'in. Ban taɓa jin daɗin alkawarin nan ba sai yau."

Suka juyo kaina. Na ce ciwon sukari ya hana ni azumi, shi ne kuma ya hana ni wannan, Allah na gode maka da ciwo.

"Ba komai," in ji Gado. "Gwani ba ya ɗanɗana. Ido ya isa." Ya naɗe kowane a takardar gwal, ya jefa a 'yan gwangwanaye masu murfi, ya ɗaure da jan zare. Da magariba na ce ya buɗe ɗaya ya gwada, ya ce arba'in ne cif, ba zai ɓata lissafin Madam ba.

Ni kuwa tun da la'asar na ɗauki katin cefanen gida, na hau jirgin ƙasa, na je kantin. Na sa tabarau, na bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya har na sami mai tambari biyun. Na dawo na tura su can ƙasan firij, bayan alayyafo.

Ranar Juma'a da hantsi gida ya cika. Saboda azumi, a cikin falo aka yi komai, labule a sauke. Wata likita ta zo a shigar kaza, wani injiniya ya zo a matsayin fir'auna da gemun kwali, Madam kanta ta sa kunnuwan zomo. Mahaifinta, Dakta Manasseh, tsoho ɗan tamanin da ya zo ziyara, ya sha alkyabba da kambin sarki. Gado ba wanda ya ce ya yi shiga, amma ya zo da farar hular masu dafa abinci, tsayinta ya kai kamu biyu, sai da ya sunkuya a ƙofa.

Kafin Madam ta buɗe baki ya tsaya tsakiyar falo da tiren gwangwanaye.

"Jama'a, ku manta da tambari! Wannan daga gona zuwa hannuna, daga hannuna zuwa bakinku. Ga shaida!" Ya ɗaga waya ya danna. Ashe bai iya yankewa ba. Muryar Baba Rafiu ta cika falon: "Ka turo min yara biyu! Kai ma ka dawo, ɗan barci!"

"Me yake cewa?" in ji Madam, kunnen zomonta ɗaya ya karye.

"Yana sa wa bikin albarka," in ji Gado.

Roseline da aka gayyata ta buɗe baki za ta fassara, na taka mata ƙafa. Ba lokacinsa ba ne tukuna.

Gado ya miƙa wa kowa gwangwaninsa, sannan ya durƙusa gaban Dakta Manasseh. "Sarki shi ke fara ci. Yalla, ranka ya daɗe!"

Tsohon ya kwance zare, ya ɓare takardar gwal, ya ɗaga abin sama ya yi addu'arsu, kowa ya ce amin. Ya kai baki ya gartsa.

Ƙas!

Wani farin abu ya yi tsalle daga bakin sarki, ya daki tire, ya faɗa kofin lemon fir'auna. Haƙoran roba ne na sama, jere guda, sun rabe biyu. Ƙwallon kuwa ya fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Kazar nan likita ta sa nata a ƙasa ta taka da dunduniyar takalmi, dunduniyar ta ɓalle. Fir'auna ya nemo guduma. Ya buga sau ɗaya, abin ya tashi sama, ya tsinke hular Gado, ya fasa gilashin agogon bango.

Madam ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Fuskarta ta canza.

"Gado. Me ya sa yake warin nama?"

"Kitsen rago ne, Madam, mai kyau. Da madara mai kauri, ban yi rowa ba."

Mutum arba'in suka ja numfashi lokaci guda. Gwangwanaye suka fara sauka ƙasa kamar masu zafi.

"Nama da madara," in ji Madam a hankali. "A gidana. A bakin mahaifina. Na ba ka takarda, Gado. Ina takardar?"

Ya laluba kai, babu hula, babu takarda. Ya dube ni. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Na ga jirgin Zuru a idonsa ƙarara.

Sai Dakta Manasseh ya fara wani irin sauti. Na ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce, dasashi a waje, kambi ya zamo kan hanci.

"Diana, ƙyale shi," ya ce, iska na fita ta gaba. "Ko ɗigo bai shiga cikina ba. Na yi iya ƙoƙarina in ci haram, abin ya ƙi! Shekarata tamanin, ban taɓa ganin abincin da ya tsare min addini da ƙarfin tsiya ba sai wannan."

Ya mayar da ƙwallon cikin gwangwani, ya rufe, ya girgiza. Kwaram-kwaram-kwaram! Al'adarsu ce in ana karanta labarin bikin, duk sanda aka ambaci sunan azzalumin da ya so hallaka su, sai a yi ta kaɗa abin ƙara har sunan ya ɓace. Nan take kowa ya sunkuya ya ɗauki gwangwaninsa. Aka fara karatu. Da aka zo sunan mugun, gwangwani arba'in suka tashi lokaci guda, har mai gadin layi ya leƙo ko rikici ake.

Ana cikin haka na shiga kicin, na ɗaga alayyafo, na fito da kwalayen. Na ajiye gaban Madam, na sa yatsa a kan tambari na farko, na sa a kan na biyu. Ta dube ni, ta dubi Gado, ta sauke ajiyar zuciya.

"Kin sani tun farko, Ikilima?"

"Tun ranar da ya sa takardar a hula."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Madam, kin ce biki ne na dariya."

Ta cije leɓe don kada ta yi, amma kunnuwan zomon suna rawa. Roseline ta fassara mata maganar Baba Rafiu tiryan-tiryan. Madam ta karɓi lambarsa ta ce za ta haɗa shi da masu sayen koko da daraja, ko ya samu ya ɗauki manyan ma'aikata bayansa ya huta.

Ranar Lahadi ta sa wa Gado hannu. Shekara ɗaya, ba biyar ba, da sharaɗi uku: ya kai Dakta wurin likitan haƙori duk ranar da aka ba shi, ya kai Roseline kantin bilenda, ƙafarsa kuma kada ta ƙara taka kicin ko da gobara ake.

Da yamma na same shi a Corniche, bakin teku, ya tara direbobi yana kaɗa musu gwangwani.

"Shekara bakwai na yi ina nazarin kayan kiɗan Yahudawa," yake ce musu. "Da gangan na yi shi da tauri."

Na wuce ina tafiya a hankali don a ga ƙafata. Man nan da ya ce a zubar, shi nake shafawa safe da yamma. Kaushin da ya bi ni tun daga Najeriya, shekara goma sha tara, ya ɓace sarai. A duk Doha ni kaɗai na ci moriyar cakulan ɗin Gado, kuma da dunduniya na ci.

Na sauke labari a nan. Ku mayar da haƙoranku.